Ladan Ungozoma: Yadda Maigida Zai Tanade Shi Tun Kafin Naƙuda

Daga cikin haƙƙoƙin da shari'a ta ɗora wa mai iyali akwai wani guda wanda ba kasafai ake jin ambatonsa a majalisar maza ba, ko da yake da wuya gidan aure ya daɗe bai gamu da shi ba, shi ne ladan matar da za ta zauna da mai naƙuda har Allah ya sauke ta. Malamanmu na mazhabar Malikiyya ba su bar wannan al'amari ga son ran kowa ba, domin Shaihu Halilu, a babin ciyarwa na Muhtasar ɗinsa wanda har yau ake karantawa a zaurukan Kano, ya lissafta ladan ungozoma cikin abubuwan da ke wajaba a kan miji, a jere ɗaya da ruwa da mai da itace da gishiri. Masu sharhi kuma suka ƙara da cewa abin da aka saba mai jego ta ƙarfafa jikinta da shi, shi ma yana wuyansa. Ibn Haldun ma, a cikin Muƙaddima wadda ya rubuta a 1377, ya ware wa karɓar haihuwa fasali na musamman, ya sa ta sahu ɗaya da likitanci da rubutu cikin sana'o'i masu daraja. Wajabcin biya ke nan ba abin jayayya ba ne. Abin da ya saura shi ne sanin yadda za a tara kuɗin, da wadda za a ba, da sharaɗin da za a ba ta a kansa, kuma a kan wannan sharaɗi ne nake so mai karatu ya fi tsayar da hankalinsa.

A zamanin iyayenmu lissafin ba shi da wuya, saboda ungozoma tsohuwa ce ta cikin dangi ko ta maƙwabta, wadda sau da yawa ba a ma kiranta sai jariri ya faɗo, ta zo ta yanke cibiya, ta binne mabiyiya, ta wanke jariri, ta tsaya kan ruwan wankan jego har ranar suna. Sakamakonta kuwa al'ada ta riga ta yanke shi, wato sabulu da zane da hatsi da goro, da 'yan kuɗin yankan cibiya, da kasonta na naman ragon suna, wanda kowane gari yake da nasa tsarin. Ba a ciniki, ba a kuwa cutar kowa, domin kowa ya san abin da ake bayarwa. Amma Badawa, a nan Kano, unguwa ce da ta tara mutane daga kowace kusurwa, ma'aikatan gwamnati da 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu, ƙabilu iri-iri, da yawansu a gidajen haya, inda amarya take nesa da uwarta da surukarta. Wadda za a buga wa ƙofa da tsakar dare kuwa, galibi ma'aikaciyar asibiti ce da ke zaune a layin baya, ko wadda ta yi ritaya, wadda ta sayi safar hannu da magani da kuɗinta. Irin wannan mata ba a sallamarta da sabulu da goro, al'adar da za ta yanke mata lada kuma ba ta riga ta zauna ba. A nan ne ake samun ɓacin rai, maigida yana ganin an tsawwala masa a lokacin da ba shi da ikon musu, ita kuma tana ganin ta kwana a tsaye an sallame ta da godiya.

Mutanen Amurka suna da wata dabara da ya kamata mu dube ta, ko don 'yan'uwanmu da ke zaune a can, ko don abin da za mu tsinta a cikinta. Ma'aikaci yakan shaida wa wurin aikinsa, tun kafin shekara ta kama, adadin da yake so a riƙa cirewa daga albashinsa kafin a yanke haraji, ana zubawa a wani asusu na hidimar lafiya wanda suke taƙaita sunansa da FSA. A shekarar 2025 iyakar abin da mutum zai ware dala 3,300 ce. Daga ranar farko ta shekara yana iya kashe dukan adadin, ko da ba a gama cirewa ba, kuma ladan ungozoma mai aiki bisa doka yana cikin abin da ake biya da shi, ko da a gida aka haihu. Sai dai akwai ƙa'idoji biyu masu tsauri. Ta farko, ba a mayar wa mutum kuɗinsa sai da rasit mai ɗauke da sunan ungozoma da irin aikin da ranar da aka yi shi, kuma ranar aikin ake dubawa, ba ranar biya ba, har ya zama wanda ya biya ladan haihuwa tun cikin Nuwamba, matarsa ta sauka a Janairu, lissafinsa ya faɗa sabuwar shekara. Ta biyu, abin da ya rage a ƙarshen shekara yakan salwanta, sai fa in wurin aikin ya yarda da ɗage wani ɗan kaso, wanda a 2025 bai wuce dala 660 ba, ko ya ƙara wa'adin wata biyu da rabi. Mu a nan ba mu da wannan asusu a dokar harajinmu, amma hikimarsa uku duk muna iya ɗauka: a cire kuɗin tun bai shiga aljihu ba, a ɗaure shi da manufa guda, a kuma rubuta abin da aka kashe.

Mai albashi zai ce ai shi ma ana cire masa kuɗin lafiya duk wata, gaskiya ne kuwa. Ma'aikacin jiha yana ƙarƙashin hukumar taimakekeniyar lafiya ta Kano, wato KSCHMA, wadda aka kafa da dokar 2016, na tarayya kuma yana ƙarƙashin NHIA, wadda dokar 2022 ta ɗora a gurbin tsohuwar NHIS. Amma wajibi ne ya fahimci cewa waɗannan hukumomi asibitin da ya zaɓa suke biya, ba sa aika kuɗi ga wadda ta karɓi haihuwa a ɗakin matarsa, ko da kuwa ma'aikaciyar wannan asibitin ce ta zo bayan ta tashi aiki. Amfanin katin inshorar yana wajen awon ciki da gwajin jini da magunguna, da kuma ranar da al'amari ya gagari gida. Don haka tun ciki yana wata uku ya kamata maigida ya je da kansa ya tabbatar sunan matar yana cikin rajista, musamman mai mace fiye da ɗaya, domin tsarin tarayya na ma'aikata mace ɗaya da 'ya'ya huɗu ya ɗauka, sauran sai an yi musu rajista daban. Sabon shiga kuma akwai lokacin jira kafin katinsa ya fara aiki. Ya tambaya a fili, in an kai ga tiyata, wane asibiti za a tura su, wace takarda kuma za su riƙe. Haka nan a watan Nuwamba na 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da yi wa mata marasa galihu tiyatar haihuwa kyauta, kuma wurin awo ne ya dace a tambayi asibitocin da ke cikin shirin tun kafin a bukace su.

Ba zan ɓoye ra'ayina ba: ga wanda ke zaune a Badawa, asibiti ya fi. Asibitin Nassarawa, mai sunan Muhammad Abdullahi Wase, yana nan kusa, ga na Muhammadu Buhari a Giginyu, ga na Sir Muhammadu Sanusi a 'Yankaba, alhali akwai mata a karkara da ke yin tafiyar yini kafin su ga likita. Binciken ƙasa kan al'umma da lafiya na 2018 ya nuna cewa a Arewa maso Yamma haihuwa 16 kaɗai cikin 100 ake yi a asibiti, ya kuma ƙiyasta cewa a Nijeriya mata 512 ke rasuwa a kowace haihuwa 100,000. Duk da haka na san dalilan da ke sa mace ta zaɓi ɗakinta, na kunya da sutura, da tsoron tsawa, da saurin naƙuda ga wadda ta saba, kuma wa'azi kaɗai ba zai kawar da su ba. Amma akwai waɗanda bai halatta a yi kasada da su ba ko kaɗan: mai cikin fari, musamman ƙaramar yarinya, wadda aka taɓa yi wa aiki, mai ɗauke da tagwaye, wadda hoton ciki ya nuna ɗanta a gicciye ko a zaune, mai hawan jini ko kumburin fuska da hannuwa, mai ƙarancin jini ko sikila, wadda ta taɓa zubar da jini bayan haihuwa, wadda ta haihu biyar ko fiye, da wadda naƙuda ta kama tun ciki bai isa ba. Ba a sanin yawancin waɗannan sai da awo, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya, tun 2016, ta ba da shawarar a yi har sau takwas.

In awo ya nuna lafiya, aka kuma tsaya kan haihuwar gida, sai a zaɓi mai karɓa tun ciki yana wata biyar ko shida. Duk wadda ta sa farin kaya mutane nas suke ce mata, alhali akwai bambanci tsakanin ungozoma mai rajista da Majalisar Jinya da Ungozoma ta Nijeriya, da ma'aikaciyar lafiyar al'umma, da wadda ta koyi allura a kemis. Ba rashin ladabi ba ne a tambayi inda ta yi karatu da asibitin da take aiki ko ta yi aiki, kuma mai gaskiya ba ta jin haushin wannan. A tambaye ta abin da take yi in jini ya ɓalle, da abin da take yi in jariri ya fito bai yi kuka ba. Wadda ta ce ita ba a taɓa kai mata mace asibiti ba, ko ta yi alkawarin allura ko ƙarin ruwa mai gaggauta naƙuda a gida, a nemi wata, domin wannan magani, in an ba da shi ba tare da sa ido irin na asibiti ba, yana iya fasa mahaifa ya halaka uwa da ɗa. Ungozomar gargajiya kuwa tana nan da matsayinta na wanka da gashi da kula da mai jego, a ware mata nata haƙƙin daban, kada a haɗa shi da na waccan.

Yanzu ga maganar sharaɗi. Fiƙihu ya bambanta ijara, wadda ake biyan mutum a kan aikinsa da lokacinsa, da ji'ala, wadda ba a biya sai bukata ta biya, kamar yadda Risala ta Ibn Abi Zaid ta halatta a yi sharaɗi da likita a kan warkewa. Abin da yawancin gidaje suke yi, ba tare da sun lura ba, ji'ala ce: in ta karɓi haihuwa a gida a sallame ta, in an ƙare a asibiti sai a ce ai ba ita ta karɓa ba, a ba ta kuɗin mota ko a hana ta gaba ɗaya. Mai hankali ya duba abin da wannan ke haifarwa. Mace ce mai iyali da bukatu, ta kwana a tsaye, ta ga naƙuda ta yi tsawo, zuciyarta tana gaya mata lokacin tafiya ya yi, amma ta san da zarar ta furta haka ladanta ya tafi, wataƙila har da sunanta a unguwa. Ko da mai tsoron Allah ce, an jefa ta cikin jarrabawar da bai kamata a jefa ta ba, kuma sa'a guda da za ta ƙara tana cewa a ɗan jira ita ce sa'ar da ake rasa jariri a cikinta, ko uwa ta gamu da yoyon fitsari, ciwon da har sashe na musamman aka keɓe masa a Asibitin Murtala. Shawarata ita ce a ƙulla ijara sahihiya, a gaya mata tun farko cewa ladanta cikakke ne ko a ɗaki aka sauka ko a asibiti, har ma in ta raka su ta yi wa likita bayanin abin da ya gudana akwai ƙarin tukuici. Da wannan an saye mata 'yancin faɗin gaskiya a kan kari, kuma a ganina babu kuɗin da maigida zai kashe a dukan hidimar haihuwa da ya kai wannan amfani.

Sharaɗin ingancin ijara shi ne lada ya zama sananne, aiki ma sananne. Na san kunya tana hana namiji zama ya yi wannan magana, ballantana a cikin fari, to sai ya wakilta yayarsa ko gwaggonsa, ta je har gida ta ce, "Hajiya, ƙanena ne ya aiko ni. Yana so ki faɗi abin da za a ba ki tun yanzu, don kada a shiga haƙƙinki, kuma ya ce in gaya miki ko asibiti kika ce a tafi, naki yana nan ba ragi." In ta amsa da cewa a ba da ko nawa ne, kada a karɓi wannan kara, a lallashe ta har ta ambaci adadi, domin "ko nawa ne" ita ce kalmar da ke zama rigima bayan suna. A fayyace abin da ladan ya ƙunsa: zuwa nawa za ta yi kafin haihuwa, wa zai sayi kayan aiki, sau nawa za ta dawo duba uwa da jariri, musamman a yinin farko da kwana na uku da mako na farko, wa kuma zai tsaya a madadinta in ranar ta same ta a bakin aiki ko a tafiya. A rubuta a takarda, ko a saƙon waya da kowa zai ajiye, gaban shaida guda ko biyu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, don haka babu abin kunya a rubutu. A ba da kafin alƙalami kamar sulusi, sauran kuma a biya a ranar da aka sauka, ba sai an jira kuɗin barka ba.

Kuɗin da za a tara kashi huɗu ne, kuma ladan ungozoma, wanda shi ne na farko, ba shi ne mafi girma ba. Kashi na biyu na kayan haihuwa ne: safar hannu, sabuwar reza a cikin takardarta, abin ɗaure cibiya, ledar shimfiɗa, auduga ta mata, sabulu, tsummoki wankakku, fitila mai caji, da man chlorhexidine da ake shafa wa cibiya a maimakon gashi da tsumma ko man goge baki. Akwai kuma ƙwayar misoprostol mai tsare zubar jini, wadda ma'aikaciyar lafiya ce za ta ba da ita ta kuma faɗi yadda ake sha, ba a kuwa shanta sai jariri ya fito an tabbatar babu na biyu a ciki. Kashi na uku na mota ne. Na huɗu, wanda ya kamata ya fi sauran ukun in an haɗa su, na gaggawa ne, wato jini da magani da tiyata, domin ko a inda aka ce haihuwa kyauta ce, dare yana iya yi a ce wani abu ya ƙare sai an sayo a waje.

Hanyar tarawa ta danganta da sana'ar mutum. Mai albashi ya buɗe asusu daban, a Jaiz ko TAJ in yana gudun riba, ya ba banki umarnin cire adadi kaza ranar da albashi ya shiga, kada kuma ya riƙa yawo da katin wannan asusu. Ɗan kasuwa ko mai sana'ar hannu ya shiga adashe, ya roƙi uwar adashe tun farkon zubi ta sa kwasarsa ta faɗo a wata na bakwai, domin ɗan bakwaini ba ya jiran lissafin kowa. Kuma adashen mutanen da aka sani ake shiga da irin wannan kuɗi. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023 kowa ya ga yadda kuɗin ajiya ke zagwanyewa, saboda haka kayan da ba sa lalacewa a saye su da wuri, a zuba a jaka guda tare da katin awo da katin inshora. Kuɗin gaggawa kuwa a raba shi biyu, rabi a banki, rabi tsaba a gida, matar kuma ta san inda yake, domin wanda ya ga ƙarancin takardun naira a farkon 2023, ko ya taɓa tsayawa gaban mai POS sabis ya ɗauke, ya san kuɗin da ke cikin waya ba kullum yake zama kuɗi ba. In matar ce ta biya daga sana'arta don maigida ba ya kusa, bashi ne a kansa sai in ta yafe da daɗin rai.

Batun mota yana bukatar shiri na musamman, saboda naƙuda ta fi son dare. An hana acaɓa a Kano tun 2013, a 2022 kuma gwamnati ta hana adaidaita sahu zirga-zirga daga ƙarfe goma na dare zuwa shida na safe, ko ba doka ma samun abin hawa a lungu da ƙarfe biyu abu ne mai wuya, balle da damina in ruwa ya cika hanya. A yi magana da maƙwabta biyu masu mota tun ciki yana wata takwas, a ba da kuɗin mai a ajiye, a karɓi lambobinsu. A san rukunin jinin matar, a kuma sami 'yan'uwa biyu da suka yarda za su ba da jini in an nema. Maigida ya bar izini a fili, gaban matarsa da ungozoma da wata babba a gidan, cewa in ba ya nan kada a jira shi. Alamomin tafiya kuwa a san su tun da rana tsaka: zubar jini kafin haihuwa ko mai yawa bayanta, jijjiga, ciwon kai mai tsanani da dishi-dishin gani, naƙudar da ta wuce sa'a goma sha biyu, fitowar hannu ko igiyar cibiya, ruwa mai kore ko wari, mabiyiyar da ta ƙi faɗowa, da zazzaɓi mai zafi.

In Allah ya sauke ta lafiya, a cika wa ungozoma ladanta a ranar, a rubuta an biya, sa'an nan ranar suna a aika mata da kasonta na nama da goro kamar yadda aka gada, domin lada bai soke kyautatawa ba. A kai jariri asibiti cikin kwanakin farko don rigakafin tarin fuka da na ciwon hanta da ɗigon shan inna, a kuma karɓo masa takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya, tun da wanda aka haifa a gida ba wanda zai rubuta shi sai iyayensa sun kai kansu. Kuɗin gaggawa da ya rage, kada a taɓa shi don rago ko ɗinkin fitar suna, domin zubar jini da zazzaɓin jego da hawan jini suna iya tasowa bayan kwanaki, haka ma kumburi da haki na ciwon zuciya, wanda likitocin Zariya tun shekarun 1970 suka danganta yawansa a ƙasarmu da wanka da ruwa mai tsananin zafi da yawan kunun kanwa. A bar kuɗin a inda yake har a yi arba'in, a koma asibiti a duba uwa da ɗa, sa'an nan abin da ya saura ya zama farkon ajiyar lafiyar yaron.